Amsar Yaya Sani kan kibod ɗin bahagwai

Bello ne ya yi tambaya a zauren nan daren jiya. Shi bahago ne, aikinsa shigar da lambobi a Excel, yana neman kibod makanikal (wanda kowane maɓalli ke da sifirin nashi a ƙasa) na 'yan hagu, ya zaga Babbar Kasuwa bai samu ba. Ga muryar da Yaya Sani ya turo, an rubuta ta saboda waɗanda datarsu ba ta kai buɗe murya ba.

Assalamu alaikum 'yan uwa, an tashi lahiya? Ya zahin ga? Bello ƙanena, na saurari saƙonka tun jiya, sai yanzu nis samu sarari. In kun ji ƙara ku yi haƙuri, janareton maƙwabcina mai walda ne.

Tau Bello, kafin in ce maka je ka wuri kaza ka saya, amsa mani tambaya guda, don a kanta maganar duka take tsaye. Da wane hannu kake riƙe maus? Ba biro ba, wannan na sani. Maus nike nufi.

Abin da yas sa nit tambaye ka, shi wanga abu da ake kira kibod ɗin bahagwai ba haruffa anka juya ba. Q na nan inda ka san shi, Enter babba na nan dama. Ɓangaren lambobin nan mai kama da kalkuleta, shi kaɗai anka ɗauke daga dama anka maido hagu, wasu su haɗa da maɓallan kibau. Shi ke nan fa. Masu sayarwa a intanet southpaw suke rubuta mai, sunan da Turawa ke kiran ɗan damben da ke bugu da hagu, kamar dai yadda mu ma a dambe muke cewa bahagon wane. Wagga kalma za ka rubuta in kana nema. In ba ita kas sa ba, sai su yi ta jero maka rabin kibod na yara masu wasan gem, wanda ba shi da amfani gare ka.

Yanzu in da hagu kake riƙe maus, wallahi kibod ɗin da kowa ke amfani da shi, mai maɓalli 104, kai anka yi wa shi ba a sani ba. Dubi mai hannun dama. Kafin hannunai ya kai ga maus sai ya tsallake kibau, ya tsallake lambobi, ya miƙe can nesa, da yamma ka ji shina kukan kafaɗa. Kai ko maus ɗinka na manne da gefen Tab, ga hannun dama ya zauna bisa lambobi, hannu biyu na aiki lokaci guda. In ka sayi mai lambobi a hagu, ka jawo wa kanka wahalar da ba ka da ita, da kuɗɗinka kuma. Abin da kake buƙata kawai, ka shiga saitin maus a Windows ka sauya babban maɓalli ya koma na dama, don ɗan alinka ya hau kanshi. Sai maganar kwafi. Ctrl da C, Ctrl da V, duk hagu suke, hannun kuma na kan maus. Akwai 'yan uwansu a dama: Ctrl da Insert shi ne kwafi, Shift da Insert shi ne mannawa, Shift da Delete shi ne yankewa. Amma don Allah wanga na ƙarshe a cikin rubutu kaɗai. In ka danna shi bisa fayil ko folda, gogewa ce wadda ba ta biyawa ta kwandon shara. Na taɓa koya wa wani yaron shagona ban gaya mai haka ba, ya tahi da furojet ɗin wata ɗaliba, babi huɗu, saura mako guda ta miƙa. Tana tsaye bakin ƙofa da mayafi a baki, ni ina zufa ina neman manhajar da za ta tono shi. Uku munka samo. Na huɗun da hannuna nis sake buga mata shi daga takardunta, kwana biyu, kyauta.

In ko da dama kake riƙe maus, kamar yawancinmu, tau nan maganarka ta hau hanya. Na ce yawancinmu don ni ma bahago ne da anka gyara da tsumagiya. A makarantar allo, da na miƙa hagu zan ɗauki alƙalami sai in ji ta a bayan hannu. Abin dariyar, rubutun allo daga dama yake tahowa hagu, ke nan bahago ne hannunai ba ya shafe tawada, amma wa zai tsaya ya saurari yaro? Abinci da miƙa kaya da dama, wannan ladabi ne kuma sunna ce, ba mu da ja. Amma saurin yatsu inda Allah Ya aje shi nan yake zama. Ana cewa kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, ka duba zauren nan, akwai su, sun dai ɓoye. Tau irinmu, lambobi a hagu, maus a dama, aikin Excel gudu yake.

Akwai su kuwa? Akwai. Kamfanin Keychron na da wanda ake kira Q12, jikinshi alminiyam ne, nauyi kamar ka ɗauki bulo. Epomaker na da GK96LS, shi roba ne, ya fi sauƙin kuɗɗi. Sai dai ni ban taɓa ganin ko guda a kan kanta a garin nan ba, oda ce daga waje. Da dala za a yi maka lissahi, kuɗin kawowa da nauyi ake auna shi, ka jira makonni, in ya iso bai yi maka ba, wa za ka maida wa? In ka nace sai shi, ka buɗe hoton ka duba da kyau, don wasu ɗauko ɓangaren lambobin kawai sunka yi yadda yake, wasu kuma sun juya shi, ƙaramin Enter da alamar tarawa sun koma can gefen hagu. Wanda ba a juya ba, babban yatsanka ne zai hau Enter. Ni ya fi mani daɗi haka, wani kuma ba ya so.

Ni da ƙanena nike magana, ga abin da zan yi. Ka raba abin biyu. Ka sayi kibod marar ɓangaren lambobi, ana ce mai TKL, maɓalli 87 gare shi, irin su Redragon K552. Sannan ka sayi ɗan ƙaramin kibod na lambobi zalla, mai wayar USB, ka aje shi hagu. Ka samu abin da kake nema ke nan, har da ƙari, don ranar da abokin aikinka zai zauna kan injin sai ya tura shi dama, ranar da guda ya lalace shi kaɗai za ka sauya. Waɗanga ba su wuyar samu. In babu nan, akwai Farm Centre a Kano, akwai Banex a Abuja, akwai Computer Village a Ikeja, a yi maka waybil ka tahi tasha ka karɓa.

Amma ka yi hattara da na jabu, nan ne ake cin mutane. Za ka ga kwali an zana wuta ja da kore, an rubuta makanikal ɓaro-ɓaro, ciki ko shimfiɗar roba ce irin ta rimot. Kar fitilu su ruɗe ka. Ka ce mai shago ya cire hular maɓalli guda gabanka, in daga nesa ne ya yi maka bidiyo. Na gaskiya za ka ga ɗan akwati a ƙasa, shi ake kira suwic, da kai mai siffar alamar tarawa, mai launi, da sifirin nashi na kanshi. Kowane maɓalli da nashi. In ya fara cewa ai zai karye, ka yi mai sallama.

Launin nan ma magana ce. Kamfanin Cherry na Jamus yaf fito da tsarin tun shekarun 1980, su Gateron da Kailh da Outemu na Sin sunka bi sahu. Shuɗi shi ne mai ƙas-ƙas kamar tafireta. Daɗi gare shi ga mai bugawa, azaba ga na kusa da shi, in ofis ɗinku ɗaki guda ne za a tsane ka kafin azahar. Ja santsi ne, ba ka jin inda ya kama, ga mai shigar da lamba kuskure na yawa, ka ɗan jingina yatsa sai ka ga 5 ta shiga sau uku. Ruwan ƙasa shi ne tsakiya, akwai ɗan tudu da yatsa ke ji, ba ihu. Shi nike ba ka shawara.

Sai ƙura. Ka san hunturun garin nan, ka share tebur da safe, kafin la'asar ka rubuta sunanka a kai. Makanikal ba ya shiri da ita. Alamar farko, ka danna harafi sau guda ya fito biyu. Kuma ga mai buga Hausa, A ce ke fara ciwo, don ita ce harafin da ba mu rabuwa da shi, ga ta kuma ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu. Kai, ka gwada buga tsada, ko fatara, ko gwada ɗin kanta, hannun dama ko motsi ba zai yi ba. Ka ga ko a nan ma mu ke da riba. Saboda haka ka nemi wanda ake zare suwic ɗin da ɗan ƙarfe ba sai an yi soda ba, ka sayi 'yan safaya kamar goma ka aje. Ka tambaya wane iri ramin ke karɓa, don masu arhar nan sau da yawa Outemu kaɗai ke shiga. In ka tashi aiki ka lulluɓe shi da ƙyalle, ko tsohon rawani ne. Kuma mai waya za ka saya. Zahin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba abokin batir ba ne.

Af, na kusa mantuwa. In da laftof za ka haɗa ɗan ƙaramin, wasu tsofaffin laftof da ka kunna Num Lock, wato makullin lambobi, sai J da K da L su koma 1, 2, 3. Kar ka ce ya lalace, makullin ne ya kama su tare. Ka gwada shi da injinka kafin ka biya.

Ina da wani tsohon na lambobi cikin durowa, ba makanikal ba ne amma shina aiki. Ka biyo shago bayan la'asar ka ɗauka, ka aje shi hagu mako guda ka ga ko hannun ya karɓa, sannan mu yi maganar oda. Ka taho da laftof ɗin. Bari in je, ga wani ya shigo da firinta a kai.