Tambaya da Amsa: Bayan Karmann Ghia ɗina ya zauna

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba. Ina da mota Karmann Ghia ƙirar 1968, mai sitiyari a dama, wadda na gada a wurin mahaifina. Ta daɗe a ajiye a gidanmu na Samaru, sai bara na tayar da ita. Inji lafiya lau, amma bayanta ya zauna, kuma ɓangaren dama ya fi na hagu sauka da kamar santimita 3. Ko ɗan tudun rage gudu na hau a hanyar Kwangila, sai salansa ta gogi ƙasa. Wani makanike ya sa na sayi sabbin shokozoba, aka ɗaura, ba ta canza zani ba. Yanzu ya ce a ɗaga ta sosai saboda ramuka. Mene ne shawararka?

Mai karatu daga Samaru, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Na ji daɗi da ba ka bar motar nan ta ruɓe a ƙarƙashin bishiya ba. Kamfanin Karmann ya ƙera irinta a garin Osnabrück na Jamus daga 1955 zuwa 1974, a kan ƙafafu da inji irin na Basuwaja Bitil. Sitiyarinta na dama kuwa ya dace da zamaninta, don sai a 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama na titi.

Shokozoba ba ya ɗaukar nauyin mota. Aikinsa ya kashe tsalle bayan an faɗa rami. Abin da ke riƙe da bayan motarka wasu sanduna ne biyu na ƙarfe, toshin-ba, kwance a cikin wani bututu da ke gaban tayoyin baya, ɗaya dama ɗaya hagu. Kan sandar na ciki yana kafe a tsakiyar bututun, na waje yana riƙe da wani faffaɗan farantin ƙarfe da ya tafi har wurin taya. In nauyi ya danna, sandar ta murɗe. In ya sauka, ta warware. Bayan shekara hamsin da ɗoriya dole ta gaji, kuma ɓangaren direba ne ke riga gajiya, tunda shi kullum da mutum a kansa.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a yi awo. Ka sami daɓen siminti da ya miƙe, ka daidaita iskar tayoyi huɗun, ka kwashe kaya daga ciki, ka tura motar gaba da baya ta zauna da kanta. A auna daga ƙasa zuwa bututun nan a kowane gefe, kada a auna bodi, domin bodin tsohuwar mota ya sha hannun mai gyaran bodi. A duba ƙafar gaba ta hagu ma, matsalar can tana iya bayyana a baya ta dama. A leƙa bututun ko tsatsa ta ci shi. Sannan robobin da farantin ke juyawa a kansu, biyu a kowane gefe: zafin Zariya da hunturu suna busar da su su tsattsage, kuma na sha ganin motar da canza su kawai ya mayar mata da wani abu na tsayinta.

In an yi duk wannan tana nan a karkace, to an zo wurin da nake son ka natsu. Kan sandar na ciki haƙora 40 gare shi, na waje 44. Ba a banza aka bambanta su ba. Haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne, na waje kuwa digiri 8 da ɗan ɗoriya. In makanike ya zare farantin ya matsar da shi haƙori ɗaya na waje kawai, motar za ta tashi da santimita 5 zuwa 6 a tashi ɗaya, kuma nan ne akasari ake ɓata aiki. Mai sani yakan juya sandar haƙori ɗaya a ciki ta ɓangaren da zai sunkuyar da farantin, don sunkuyawarsa ce ke ɗaga mota, sannan ya mayar da farantin baya haƙori ɗaya a waje. Abin da ya rage tsakaninsu bai kai digiri ɗaya ba, wato kamar milimita 6 a wurin taya. Taka mai gibin santimita 3 za ta nemi irin wannan taku kamar biyar.

Amma kada a dogara da ƙirga haƙora, sandar tana iya zamewa ba a lura ba. Da farantin ya saki ya rataye ba nauyi a kansa, a auna kusurwarsa a rubuta, a auna na ɗaya gefen. Wayar hannunka ma tana da manhajar awon kusurwa. Littafin gyaran motar ya faɗi kusurwar da ta dace da shekararta, ita ake nema a gefe biyun.

Ka gaya wa yaran gareji su yi hattara. Farantin nan a ɗane yake kamar baka, yana zaune a kan wani ɗan leɓen ƙarfe. In aka ɓamɓare shi ba jak a ƙarƙashinsa, zai iya karya hannu ko ƙafa. A ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ban yarda da bulo ba. A yi alama da fenti inda farantin ya haɗu da aksul, wato ƙarfen da ya taso daga giyabos zuwa taya, kafin a kwance, don saitin taya ya koma mazauninsa. Sandunan suna da alamar L (hagu) da R (dama) a kansu. Kada a musanya su, kowace ta saba da murɗawa ta gefe guda. Kada a kama su da filaya ko a karce fentinsu, daga ƙaramin karce tsagewa ke farawa. Girisi a haƙora, hodar jarirai a robobi, saboda girisi yana cinye roba.

Batun a ɗaga ta sosai kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Leƙa ƙarƙashinta. In aksul ɗin bututu ne guda mai gaɓa ɗaya a jikin giyabos, kamar yawancin na wancan lokaci, to duk ɗagawar da aka yi sai saman tayoyi ya buɗe waje, ƙasansu ya shige ciki. Ga inji a baya. A kwana mai kaifi, ko in ka kauce wa ɗan acaɓa ba shiri a PZ, tayar waje tana iya lanƙwashewa ƙarƙashin motar, baya ya juyo gaba. Ka mayar da ita tsayinta na asali kawai; da shi ma salansa za ta daina gugar ƙasa matuƙar ka hau tudu a hankali.

In aka zare sandar aka tarar da tsatsa ta yi mata rami ko ta tsage, gyara ya ƙare, sai canji, kuma biyun tare. Ka bincika Panteka a Kaduna wurin masu kayan tsohuwar Bitil, amma ka tafi da taka a hannu, don tsawo da kaurinsu sun bambanta daga shekara zuwa shekara ko da haƙoran ɗaya ne. Bayan an haɗa, ka zaga da ita zuwa Shika ka dawo, a sake awo a kan daɓen farko, sannan a kai ta saitin taya.