Amsa ga mai Toyota 86 da ke cin tayoyin gaba ta ciki

Sannu ɗan'uwa. Ka ce tun da ka faɗa rami a hanyar Ejisu kusa da Kumasi aka yi maka alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, amma har yanzu motar tana cin tayoyin gaba ta ciki, tana kuma ja dama. Wallahi na san zafin wannan. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mai injin da zai ɗora mota, ya murɗa tayirod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, har allon injin ya yi kore, ya karɓi kuɗinsa, bai ko girgiza taya ba. Ga tsadar taya mai inci 17, shi ko a jikinsa!

Kafin ka koma, a ɗaga motar da jak. Kama taya hagu da dama ka girgiza: in tana wasa, tayirod ne. Sama da ƙasa kuma, boljoin (gaɓar da taya ke juyawa a kanta) ko boris ɗin taya. Duba bushin lowa-am ma, wato robar da ke jikin ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa. In ɗaya ya mutu, alaimen ba zai zauna ba.

Sannan shafa tayar da tafin hannu. In ta ci ciki sumul, kamba ce ta yi yawa, wato saman tayar ya karkata ciki sosai. In kana jin kaifi kamar haƙorin zarto, bakin tayoyin ne ya buɗe waje. Matsalar 86 ita ce a gaba wannan buɗewar kaɗai kamfani ya bar a gyara, kamba da kasta (karkatar ƙafar taya gaba ko baya) ba su da wurin murɗawa. Don haka in kambar hagu da ta dama sun bambanta fiye da rabin digiri, rami ya lanƙwasa wani abu, galibi shoka ko lowa-am. In fita, wato makanike, ya ce zai gasa ƙarfen ya miƙe, kar ka yarda, ka nemi wani a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi. Bolt ɗin kamba da ake saye daban a saka yana gyara ɗan bambanci ne kawai.

Jan dama kuwa, titunanmu sun ɗan gangara dama saboda ruwa. Daidaita iska yadda aka rubuta jikin ƙofar direba, sannan ka musanya tayoyin gaba, sai dai in masu kibiya ne, waɗanda gefe ɗaya kawai suke juyawa. In jan ya koma hagu, laifin taya ne.

Ranar aikin a fara da tayoyin baya, a ƙulle sitiyari a tsakiya, tayirod ya zo ƙarshe. Bolt ɗin bushi kuma sai mota tana kan ƙafafunta ake ɗaure shi, in ba haka ba robar za ta yage. Ka tsaya sai sun ba ka takardar lambobin kafin aiki da bayansa, ka turo mana mu gani.