Tambayi Likita: Zan iya ɗaukar hoton idon bakwainina in turo ta waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maiɗakina ta haihu a wata bakwai, namiji, nauyinsa kilo 1.4. Ya yi kwana 18 a kwalba da robar iska a hanci. Da za a sallame mu, nas ta ce lallai a duba masa ido kafin ya cika wata guda. Ni dai na ga idonsa garau, ba ja ba kwantsa. Ga uwar tana gidansu tana wankan jego, sun ce ba fita sai an yi arba'in, asibitin kuma tafiyar awa huɗu ce. Ƙanena ya ce a Indiya hoton ido ake ɗauka a tura wa likita ta waya. Ko zan ɗauka da wayata in turo? Yau kwanansa 23. Daga Baban jariri, jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Wasiƙarka na fara ɗauka a wannan makon saboda kwanakin da ka ambata. Saura mako guda. Ka kai shi.

Idon da kake gani garau, gabansa kawai kake gani. Ciwon da nas take tsoro can ƙuryar ido yake, a wani siririn tantani da ake kira ratina, wanda shi ke karɓar haske. Jijiyoyin jininsa suna fara tsirowa tun ciki yana wajen wata huɗu, suna yaɗuwa a hankali kamar yaɗon kabewa, ba sa kai wa gefe sai haihuwa ta zo. Bakwaini ya fito aikin bai ƙare ba. Iskar oksijin da aka ba shi ita ta riƙe masa rai, amma in ta yi yawa takan tsayar da yaɗon nan. Daga baya sai wasu jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro barkatai, su yi tabo, tabon ya finciko tantanin daga mazauninsa. Duk wannan ba zafi, ba hawaye. Ranar da uwa za ta hango farin abu a tsakiyar baƙin idon, ko ta lura yaro ba ya bin fitila, galibi bakin alƙalami ya bushe.

Tun 1942 wani likita a Boston ta Amurka, Theodore Terry, ya bayyana ciwon, a 1951 kuma wata likita a Ostireliya, Kate Campbell, ta danganta shi da yawan oksijin. Yanzu ya fi addabar ƙasashe irin namu, inda aka fara samun kwalaben da ke raya bakwaini amma na'urar auna iska da likitocin ido ba su wadata ba. Wani ƙiyasi ya nuna a shekarar 2010 kaɗai jarirai wajen 20,000 a duniya suka makance ko ganinsu ya yi mummunan rauni ta dalilinsa.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ji. A jihar Karnataka ta Indiya, asibitin ido na Narayana Nethralaya da ke Bangalore ya fara wani shiri mai suna KIDROP a 2008, ƙarƙashin Dakta Anand Vinekar. Da suka ga likitocin da suka iya duba idon bakwaini 'yan ƙalilan ne, sai suka horar da ma'aikatan da ba likitoci ba, suka ɗora musu kyamara a mota, suna zagaya ɗakunan jarirai na asibitocin karkara, kowane asibiti da ranarsa. Ana ɗiga wa jariri maganin buɗe ƙwayar ido, a ɗiga na kashe zafi, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon, sannan a ɗora bakin kyamarar a kan idon kansa. Hoton da ke fitowa jajaja ne kamar rana gab da faɗuwa, ga jijiyoyi sun bazu, ga inda suka tsaya. Shi ake turawa ta intanet, ƙwararre yana birni ya duba a wayarsa ya ce a sake dubawa mako mai zuwa, ko a yi aiki yanzu.

Wannan tsari yana burge ni ƙwarai, domin shi ke zuwa inda jariri yake, uwa ba ta sha wahalar hanya da ɗanyen jiki ba. Ina fatan ganin irin motar nan tana zagaya manyan asibitocinmu. Amma ka lura, waya a nan 'yar aike ce kawai. Kyamara ta musamman ce ke leƙa ƙuryar ido. Hoton da za ka ɗauka a tsakar gida ba zai nuna mini komai ba sai kyakkyawar fuskar ɗanka, kuma ina tsoron ya sa hankalinka ya kwanta a inda bai kamata ba.

A ƙa'idar Indiya, duk jaririn da aka haifa kafin mako 34 ko bai kai kilo 2 ba, ana duba shi kafin ya cika kwana 30. Ɗanka ya shiga ta ko'ina. Yawancin waɗanda ciwon ya taɓa sama-sama suna warkewa da kansu. Wanda nasa ya yi tsanani, cikin kwana biyu zuwa uku ake son a yi masa aiki, ko da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza ko da allura a ido, kuma in an yi a kan lokaci akasari gani yana tsira.

Batun arba'in, kada ka tunkari surukanka da gardama. Ka je da kanka, ka gaishe su, ka nuna musu takardar sallama, in da hali ka kira nas ɗin ta yi musu bayani. Ka ce musu kwana talatin ya riga arba'in zuwa. A lulluɓe yaron da kyau, uwar ta rungume shi a ƙirji don ɗumi, wata babba ta raka ta. Kafin ku kama hanya ka buga wa sashen ido waya ka tabbatar da ranar da mai duba jarirai yake nan. Kwalli da ɗiga nono a ido duk a dakata da su. Bayan an duba kuma, kada ku fito sai an rubuta muku ranar dawowa a kati, don sau da yawa sai an yi ta maimaitawa har jijiyoyin su kai gefe.