Amsa kan barin yara su tafi makaranta a ƙafa

Assalamu alaikum, iyaye barkanmu da warhaka. Hajiya, na saurari tambayarki, wai ko yaronki ɗan shekara 7 zai iya tafiya makaranta shi kaɗai, tunda tafiyar ba ta kai minti 10 ba, titi ɗaya ne kawai zai tsallaka. To Hajiya, ai titin nan ɗaya shi ne maganar. Yaron da bai kai shekara 10 ba yana ganin mota sarai, auna gudunta ne bai iya ba. Zai hango ta can ya ce ai kafin ta iso na wuce. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa kuwa, daga sanda direba ya gan shi zuwa sanda za ta tsaya cak, ta ci wajen mita 25 zuwa 30. Ga shi gajere, in ya ɓullo ta bayan adaidaita sahun da ta faka, ba mai ganinsa.

Ba cewa nake a hana shi tafiya a ƙafa ba, tafiyar ma tana ƙara masa lafiya. A haɗa shi dai da babba ko yayansa mai hankali, a riƙe shi a wuyan hannu, don in yatsu aka riƙe fizgewa yake. Babban ne zai tsaya ta ɓangaren motoci. Sati 2 ana bin hanya ɗaya, ana tsallakawa a wuri ɗaya, inda ba kwana, ba motocin da suka tare gani. Daga nan sai a juya, shi zai riƙa cewa yanzu mu wuce, ke kina duba ko ya yi daidai.

A Najeriya ta hannun dama ake tuƙi, saboda haka motar da ta fi kusa da shi daga hagu za ta fito. Ya tsaya taku ɗaya baya da bakin kwalta, ya duba hagu, dama, ya sake duba hagu, yana kasa kunne. Kada a raina duban dama, kun san 'yan babur da bin hannun da ba nasu ba. In kuma hanyar ba gefen masu ƙafa, ya bi hannun hagu yana fuskantar motoci. Ga 'yan mata, a gyara hijabi kada ya rufe gefen ido, ta juya kanta gaba ɗaya. Inda akwai gadar masu ƙafa kuma ba sai an faɗa ba, a hau.

Abin da iyaye suka fi mantawa makara ce. Yaron da ke tsoron bulala a bakin get da gudu zai tsallaka, duk abin da aka koya masa ya tashi a banza. A fitar da shi da ratar minti 15, a kuma ce masa ƙarara, gara ya makara da ya yi gudu a titi. Lokacin hazo ko ruwan sama a sa masa jaka mai haske, a kula da kwata in ruwa ya shafe bakinta. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, 122, a ajiye ta a waya.