Dalilin da ya sa na ce ka ɓamɓare tayil ɗin jiya

Jiya da na ce ka cire tayil masu ƙuraje da ka shimfiɗa a gangaren tsallaka titi, na ga ranka bai so ba. Ka ce, "Oga, makaho ai da sanda da tafin ƙafa yake ji, ina ruwansa da launi?" Aikin hannunka ba shi da laifi, yaro. Jere ya miƙe, ba inda ya yi tudu. Abin da ya ɓata shi, ka ɗora ruwan toka a kan kankare mai ruwan toka.

Yawancin waɗanda muke kira makafi ba cikin duhu ƙirin suke ba. Wani yana gani dishi-dishi, wani yanar ido ce ta rufe shi, wani tsufa ne kawai, kuma da yawansu ko sanda ba sa riƙewa. Irin wannan mutum ƙafarsa ba za ta gaya masa komai ba sai ya taka ƙurajen, lokacin kuwa taku ɗaya ko biyu ya rage masa ya faɗa kwalta, tunda a ƙa'idar Amurka mafi ƙarancin zurfin shimfiɗar santimita 61 ne kacal. Amma in launin ya fita, tun daga nesa zai hango bakin titi, ya sassauta tafiya.

Wani Bajapane, Seiichi Miyake, shi ya ƙirƙiro tayil ɗin a 1965, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967, kusa da makarantar makafi. Yau a Japan galibi ruwan ɗorawa za ka gani. A Ingila kuwa ja ake sa wa inda akwai danja ko zanen tsallakawa, ruwan ƙasa mai haske a sauran wurare.

Kada dai sunan launi ya ruɗe ka. Idon da ya raunana haske da duhu yake bambancewa. Ja da kore a wurinka ba su haɗa komai ba, amma in duhunsu ɗaya ne, a wurinsa duk shafe ɗaya ne. Shi ya sa dokar Amurka ba ta zaɓi launi ba, cewa ta yi mai haske kan mai duhu ko mai duhu kan mai haske. Ostireliya ta sa adadi: bambancin kada ya gaza kashi 30 cikin 100 ga tayil irin namu. Ka ƙaddara kankarenmu yana mayar da kashi 40 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, tayil ɗinka 32. A lissafi mai sauƙi, ka cire, saura 8, ka raba da 40, kashi 20 ke nan, bai kai 30 ba. Kuma wannan tun yana sabo fil, ƙura ba ta hau ba, ruwa bai jiƙa shi ba. Ruwan ɗorawar ma da ake yabo, a kan kwalta ne yake haskawa. Ɗora shi kan farin siminti da tsakar rana ka ga yadda zai dusashe.

Ka kawo shawarar mu shafa fenti mu huta. Ban yarda ba. Kan ƙurajen takalmi ke fara ci, fentin ya kankare, da damina kuma ga santsi. Mai launin da aka cakuɗa tun a kwaɓi za mu sayo, wanda ko ka fasa shi cikinsa da bayansa iri ɗaya ne.

Gobe kafin ka kwaɓa siminti, ɗauko samfur biyu, mai duhu sosai da ruwan ɗorawa, ka ajiye su kan kankaren. Ja baya taku goma, ka ɗauki hoto da wayarka, ka mayar da shi baƙi da fari. Watsa musu ruwa ka sake ɗauka, sannan ka ƙara ɗaya bayan magariba a hasken fitilar titi. Kawo min hotunan uku mu duba tare.