Kafin Ka Raba Kati, Je Ka Majalisar Mahaifinka

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce Hajiya ta hana ka raba katin ɗaurin aure sai ka fara zuwa Fagge ka gai da dattawan da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yake zama da su, ka kai musu goro, ka sanar da su da bakinka. Kana tambaya ko wannan dole ne, tunda ba danginmu ba ne, kuma za ka iya tura musu katin ta waya kamar kowa.

Hajiya ta yi daidai, ka je. Ba farilla ba ce, amma ka san hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar, cewa yana daga mafi girman biyayya ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Wannan kaɗai ya isa hujja. Sai dai na lura kai kana kallon mutanen nan a matsayin tsofaffi masu zaman hira a kan tabarma, don a haka ka taso ka gan su. Ina so ka san daga inda zaman ya samo asali.

Mu a Fagge aka haife mu, a bayan badala, tsakanin Birni da Sabon Gari. A wancan zamani mutanen cikin gari Waje suke ce wa duk wannan yanki. Tun asali Fagge zangon fatake ne, inda ayarin Azbinawa ke sauka da raƙuma, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai ta ƙara cika da baƙi: Barebari, Nufawa, Buzaye, Larabawa, ga kantunan Kwara, wato 'yan Lebanon, a Kwari. Saboda haka yaron Fagge ya fi na Birni ganin duniya da wuri, kuma iyayenmu sun fi tsoron lalacewarmu.

To, a al'adar lokacin, da zarar an yi wa yaro kaciya ya warke, ya ɗan tasa, ya bar ɗakin uwarsa ke nan. Abin kunya ne a ce ƙato yana kwana cikin gida tsakanin mata. Sai ya koma soro ko shagon ƙofar gida, kuma ba lalle na gidansu ba. Duk gidan da ke da shago mai faɗi a layi, nan yaran layin suke tarewa. Mu namu na gidan wani dattijo ne mai sayar da fata. Tabarmarmu ɗaya, fitilar aci-bal-bal ɗaya, in hunturu ya yi tsanani mu haɗa mayafai mu lulluɓa. Da dare kowa zai shiga gidansu ya ɗauko kwanon tuwonsa, a jera, a fara da na wane a ƙare da na wane. Wanda aka yi fashin girki a gidansu ba ya kwana da yunwa, kuma ba mai fita da zancen. Mutanen da Hajiya ta ce ka je ka gaisar, ragowar 'yan wannan shago ne. Mahaifinka ya kwana da su shekaru masu yawa fiye da yadda ya kwana a ɗakin kakarka.

Da asuba mai gidan ne yake buga mana ƙofa, mu yi salla mu wuce makarantar allo. Daga nan hanya take rabuwa. Boko ba kowa ke so ba. Mai unguwa ne yake zagayawa neman yara idan En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta buƙata, kuma gidaje da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi, ko su tura su gabas karatun Alƙur'ani. Kakanka yana hulɗa da kantunan Turawa a cinikin gyaɗa, ya ga amfanin mai iya rubutu da lissafi, shi ya sa ya ba da mahaifinka, daga baya ni ma na bi. A shagonmu waɗanda suka shiga elementare ba su kai rabi ba.

Elementare shekara 4 ce. Da Hausa ake koyar da mu karatu, rubutu, lissafi, labarin ƙasa da tsabta, Turanci sai an yi nisa. Kullum da safe a yi layi a duba farce da haƙora da kai, wanda aka samu da ƙazanta ya sha bulala, monita kuma yana rubuta sunan masu surutu. A kan allon dutse muka fara, sai an ga hannunka ya faɗa a ba ka littafi da alƙalamin da ake tsomawa a tawada. Kuɗin tara anini ne ko ɗari, wato rabin kwabo, ranar da aka ba ka kwabo kuwa har abokai sai sun ci albarkacinka wajen mai gurasa ko mai ɗanwake. Waɗanda suka gabace mu, in sun ci jarrabawa Midil suke wucewa, wato Kwalejin Rumfa ta yanzu. Ina tuna 1956 da Sarauniyar Ingila ta zo Kano zamanin Sarki Sanusi, aka jera 'yan makaranta a bakin titi cikin rana, da kuma 1960 da aka raba mana tutoci ranar samun mulkin kai. Duk wannan, da dare sai mun ba wa sauran labari a shago, su kuma su ba mu na kasuwa da tasha. Mahaifinka shi ya koya wa biyu daga cikinsu karatun boko a bakin fitila, su kuma suka riƙa gyara masa hadda, don sun fi shi nisa a allo. Har suka tsufa ban taɓa jin ɗan boko a cikinsu ya raina wanda bai yi ba.

Wuraren zamanmu kuwa ba a rufe suke da katanga ba. In wata ya yi haske dandali muke zuwa, 'yan mata na gaɗa a gefe guda, mu muna langa da kokawa a ɗaya gefen. Ranar Alhamis da ba makarantar allo mukan gangara wajen Ƙofar Mazugal kallon dalar gyaɗa, yadda lebura ke hawa da buhu a ka har ƙololuwa, mu tsinci wadda ta zube. Da damina sai iyo a kududdufi, wanda ya sa da yawanmu suka yi fama da tsargiya, har wasu suna ɗaukarta alamar balaga saboda rashin sani. Da azumi, in ya kai goma, sai tashe gida gida, abin da aka samu na hatsi da kuɗi a damƙa wa babbanmu ya ajiye har salla. A nan aka fara gane wanda za a iya ba wa amana, kuma babban namu ne ya riƙe wa 'yan shagon asusu har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai silimar Plaza a nan Fagge, babu rufi, sai duhu ya yi ake saka fim ɗin kaboyi ko na Indiya. Iyaye ba sa so ko kaɗan, a kira yaro ɗan silima zagi ne. Da muka zama samari hira ta koma gindin rediyo, musamman bayan BBC ta fara Hausa a 1957, ga siyasa ta yi zafi tsakanin NEPU ta Malam Aminu Kano da NPC ta Sardauna. A shagon nan akwai 'yan kowane ɓangare. Za a yi musu har murya ta dushe, amma ranar da 'yan doka, wato 'yan sandan En'e, suka kama ɗaya daga cikinsu a wajen lacca, wanda suka fi saɓani da shi ne ya yi ta zirga-zirga har aka sako shi.

Da aure ya fara zuwa kowa ya bar shago, sai zaman ya koma ƙofar shagon telan cikinsu, bayan la'asar zuwa magariba. Ita ce majalisar da ka sani. Ba zan ce maka majalisa ba ta da aibi ba. Akwai waɗanda ba abin da ake yi a cikinsu sai cin naman mutane, akwai magidantan da suka mai da ita gida suka bar iyali. Ta mahaifinka ba ta cikin waɗannan, kuma ga abin da ya shafe ka kai tsaye. A al'adarmu uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da kansa, akwai alkunya, 'yan uwansa da aminansa yake turawa. Su suka nemo wa yayyenka aure. Da kasuwa ta karye wa mahaifinka shekarar da aka haife ka, su suka haɗa kuɗin ragon sunanka, bai sani ba sai da ya ga an ɗaure shi a ƙofar gida. Da ya kwanta ciwon ajali suna karɓa-karɓar kwana a asibiti tare da mu, kuma da su aka yi masa wanka aka sa shi a kabari. Da yana raye, su zai fara gaya wa maganar aurenka kafin ni. In suka ga katinka a waya kamar na ɗan maƙwabta, ba za su ce komai ba, za su zo ɗaurin auren ma, amma za su fahimci cewa zumuncin ya bi shi kabari.

Ga yadda za ka yi. Ka je bayan la'asar, da manyan kaya da hula. Ka ajiye mota nesa kaɗan ka taka. Ka cire takalmi kafin tabarma, ka durƙusa ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kada ka riga su miƙa hannu. Goro da alawa da dabino za ka kai, ka ajiye gaban wanda ya fi shekaru, shi zai raba. Kada ka fara da ranar biki. Ka ce Hajiya ce ta aiko ka ka sanar da iyayenka cewa ka samu mata, kana neman albarka. Za su tambaye ka 'yar gidan wa ce, ka amsa a natse, don mai yiwuwa sun san kakanninta fiye da yadda ka sani. In sun ja ka da labarin mahaifinka, ka zauna har a kira magariba ku yi salla tare.

Telan ba ya fita yanzu saboda ƙafa, sai ka bi shi gida. Gidajen waɗanda suka rasu kuma ka sa Hajiya ta aika wa matansu nasu goron. Sannan ka roƙi babbansu na yanzu ya zo cikin tawagar da za ta karɓar maka aure. Ni ne waliyyinka, amma ina so ya zauna kusa da ni. Ka gaya mini ranar da ka tsayar, in jikina ya ba ni dama sai mu tafi tare.

Ka gai da Hajiya da 'yan uwanka. Allah ya sanya alheri.

Baffanka.