Filin Tambayoyinku: Wasan Amsa-Amo a Gida

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 4, Larabci ya fi yawa a bakinsa. Ta yaya zan koya masa amsa-amo da Hausa? Wata uwa, Mai Wurno, jihar Sennar, Sudan.

Amsa: 'Yar'uwa, amsa-amo shi ne kalmomi su ƙare da sauti iri ɗaya. Ki nemi ƙwallon dabino 10 da ƙoƙo. Ki faɗi kalma uku kina tafi a gaɓar ƙarshe: kifi, rafi, tafi. Gobe kuma tuwo, kiwo, ciwo. Daga nan ki ce "uwa, ruwa", ki yi shiru. In ya ce "rawa", ya jefa ƙwallo ɗaya a ƙoƙo. Minti 5 bayan magariba ya isa.

Inda ake tuntuɓe: ki ce "kifi", ya ce "ruwa". Ma'ana ya bi, bai bi amo ba. Kada ki tsawata, ki ja ƙarshen kawai: ki-fiii. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka wasali kaɗai bai wadatar ba, sai baƙin ma ya dace. "Gida" da "kiɗa" ba su haɗu ba.

In ya kawo kalmomin Larabci irin "bab" da "kitab", ki karɓa, kunnensa ya kama ƙafiya, wato amsa-amo, ke nan. Kalmar da ya ƙirƙira ma, irin "zifi", a ba shi ƙwallonsa.